Zubar Jini da Jijjiga: Me Bincike Ya Gano Kan Matsalolin Masu Ciki?

Wace matsala ce ta fi kashe mata a lokacin ciki da haihuwa?

Zubar jini bayan haihuwa ce kan gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 260,000 ne suka rasu a 2023 sakamakon ciki da haihuwa. Bayan zubar jini, akwai hawan jini mai kai wa ga jijjiga, da shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, da zubar da ciki ta hanyar da ba ta dace ba.

Jini nawa ne ya wuce ƙa'ida?

Rabin lita, wato mililita 500, cikin awa 24 bayan haihuwa. Galibi mahaifa ce ke sakewa ta ƙi tsukewa, sai jijiyoyin da mabiyiya ta rabu da su su ci gaba da zubarwa. Wani lokaci kuma ragowar mabiyiya ce ta maƙale, ko yagewa aka samu, ko jinin ya ƙi daskarewa.

Babbar matsalar ita ce ido ba ya iya auna jini. Zani da katifa suna shanye shi, ungozoma ta ga kamar kaɗan ne, har sai bugun zuciyar mai jego ya yi sauri jikinta ya yi sanyi. Binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda ya shafi mata sama da 200,000 a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya magance wannan da wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗawa ƙarƙashin mace. Da jini ya kai layin, sai a yi komai tare: a murza mahaifa, a ba da oksitosin (allurar da ke tsuke mahaifa), a ba da tiraneksamik asid (maganin tsayar da jini), a ɗaura ƙarin ruwa, a duba inda jinin ke fitowa. Mummunan sakamako, wato zubar lita ɗaya ko tiyata ko mutuwa, ya ragu da kashi 60 cikin 100. Ba wani sabon magani a ciki. Daina jira ne ya yi aikin.

Me ya sa ake gaggawar ba da tiraneksamik asid?

Yana hana gudan jinin da ya toshe jijiya narkewa. Binciken WOMAN na 2017, a kan mata 20,000 a ƙasashe 21, ya nuna giram 1 ta jijiya yana rage mutuwa daga zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an ba da shi cikin awa 3 da haihuwa. Bayan haka amfaninsa ya tafi. In jinin bai tsaya ba bayan minti 30, a ƙara giram 1.

Oksitosin kuwa sai an ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, in ba haka ba ƙarfinsa ya ragu.

Yaya ake gane hawan jinin da ke kawo jijjiga?

Awon jini ya kai 140/90 bayan mako 20 na ciki, tare da furotin a fitsari. Ciwon kai mai naci, ganin dishi-dishi, ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama da kumburin fuska alamun haɗari ne. Kumburin ƙafa kaɗai ba hujja ba ne, don masu ciki da yawa suna yinsa.

Akwai riga-kafi da magani?

Binciken ASPRE na 2017 ya gano asfirin miligiram 150 kullum, daga mako 11 zuwa 14 har mako 36, ya rage nau'in wannan hawan jinin da ke tilasta haihuwa kafin lokaci da kashi 62 cikin 100 ga mata masu haɗarin kamuwa. Likita ne ke tantance wadda ta cancanta.

In ciwon ya yi tsanani, magnesiyom salfet ne maganin. Binciken Magpie na 2002 ya nuna ya rage jijjiga da fiye da rabi. Ana fara giram 4 ta jijiya a hankali, da giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk awa 4. Kafin kowace allura a duba ko gwiwa na zabura idan an ɗan buga ta, a ƙirga numfashi kada ya gaza 16 a minti, a auna fitsari ya kai mililita 30 a awa. In ɗaya ya gaza, a dakata, a kuma tanadi kalsiyom gulukonet don karya ƙarfin magnesiyom ɗin. Ana ci gaba da allurar har awa 24 bayan haihuwa, domin jijjiga na iya zuwa bayan jariri ya fito.