Aikin nishaɗi a jirgin ruwan yawon buɗe ido: ga amsoshinku, a daina tare ni a hanya

Tun da na dawo Jos hutu ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. A wajen ɗaurin aure a tare ni, a Taminus a tare ni, waya kuwa ba a magana. Tambayoyin kuma su ne dai na bara. Kwantiragi huɗu na yi a sashen nishaɗi na manyan jiragen ruwa masu yawo da 'yan hutu, kafin nan kuma MC nake yi a bukukuwa tsakanin Jos da Abuja. To ga amsoshin a rubuce. Wanda ya sake yi mini tambayar da ke nan, wannan rubutun zan tura masa.

Yaya, wai da gaske biyanku ake yi ku yi yawon duniya?

A'a. Fasinja ne ya biya kuɗinsa ya zo yawo. Mu an ɗauke mu ne don kada ya yi hamma.

To mene ne ainihin aikin?

Sashen kashi-kashi ne. Akwai 'yan rawa da mawaƙan babban zaure, masu yin makonni suna gwaji a tudu kafin su hau jirgi, kuma a daren wasansu sau biyu suke hawa dandamali, domin fasinjoji ba lokaci ɗaya suke cin abincin dare ba. Akwai makaɗa, akwai DJ, akwai masu kula da yara, da masu fitilu da na'urorin sauti. Sai mu 'yan riƙe makirufo: gasar kacici-kacici, bingo (wasan kiran lambobi), karawoke (inda fasinja ke rera waƙa a kan kiɗa), koyar da rawa a bakin wurin wanka, tarbar baƙi a ƙofar zaure. Ubangidanmu duka shi ne daraktan nishaɗi, mai muryar da ake ji a lasifika safe da yamma.

Kuma ku daina kawo kwale-kwalen tafkin Jabi a ranku. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata 2,350. Gari ne guda a kan ruwa.

Ran wace rana kuke hutu?

Babu. Wata shida ko bakwai, Juma'a da Lahadi duk ɗaya ne. Abin da kake samu awoyi ne, ba kwanaki ba. Yarjejeniyar ma'aikatan ruwa ta duniya, MLC ta 2006, ta ce a ba ka hutun aƙalla awa 10 a cikin kowace 24, da awa 77 a cikin kwana bakwai. Waɗannan awa goman kuma an yarda a raba su biyu, kuma ana rabawa.

Yaya ranar take tafiya?

Rana iri uku ce. Akwai ranar tasha: jirgi ya tsaya a Basalona ko Nasau, fasinjoji sun fita, aiki ya yi sauƙi har la'asar. Ita ce ranar da kuke gani a hotunanmu. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne awa uku ko huɗu kawai muka samu, kuma rabinsu mun ɓatar wajen neman shagon man shafawa da wurin da intanet ke gudu. Ba kuma kowa ke fita ba, dole a bar wani adadi na ma'aikata a ciki saboda gaggawa, bi da bi ake yi. In layi ya zo kanka, sai dai ka kalli garin daga sama.

Akwai ranar teku, wadda jirgi ba ya tsayawa ko'ina. Dubban mutane ba su da wurin zuwa sai wajenka. Tun ƙarfe tara na safe ka ɗauki makirufo, kacici-kacici a nan, darasin rawa a can, ka sauka hawa takwas ka canza kaya, ka hau hawa takwas ka sake yin murmushi. Ƙarfe ɗaya na dare kana nan kana tafa wa wani tsoho da ya ɗauko waƙar da muryarsa ba ta kai ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai ranar juyi. Fasinjojin makon jiya su sauka da safe, sabbi su hau da rana, kai kuma ka tarbe su kamar yau ka fara ganin ɗan Adam. Barkwancin da ka yi sau talatin, shi za ka sake yi, kuma dole ka yi dariya tare da su. Wannan shi ne aikin. Wanda fuskarsa ba ta iya ɓoye ɓacin rai ya nemi wata sana'a.

Ɗakin kwana fa?

Ƙasan jirgi, babu taga, gado mai hawa biyu, ku biyu. Ana zuwa duba tsafta. Kada ka zo da akwati uku.

Ban iya ruwa ba. Akwai matsala?

Akwai. Mu 'yan kan dutse ne, na sani, amma wannan ba uzuri ba ne, ga dam ɗin Lamingo nan. Kafin ka hau kowane jirgi sai ka yi horon tsaro na STCW, wato ƙa'idar duniya ta horar da ma'aikatan ruwa: kashe gobara, agajin farko, da ceton kai a ruwa. A nan za a sa maka rigar ceto ka yi tsalle cikin ruwa, ka hau kwale-kwalen roba. Je ka koya tun yanzu, wata ɗaya ya ishe ka.

Ɗana ya nace sai ya tafi, ni kuma tsoron nitsewa nake ji.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Hanyar Akwanga da yake bi duk mako ta fi ba ni tsoro. Haɗari yana faruwa, ba zan ɓoye miki ba: Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu. Bayan nan aka tsaurara doka, yanzu sai an nuna wa fasinja wurin taruwarsa na gaggawa kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa. Ma'aikata kuma duk mako ana atisaye. In aka ji ƙaho gajere sau bakwai da dogo ɗaya, kowa ya san inda zai tsaya. Mu 'yan nishaɗi galibi mu ake sakawa a matakala da wuraren taruwa, saboda mun saba magana da taro. Ki yi masa addu'a, ki kuma sa shi ya koyi ruwa.

Nawa ne albashin?

Ba zan faɗa ba, kuma ku daina aiko ƙannena su tambaya. Da dala ko yuro ake biya, ci da kwana kyauta ne. Kuɗin kyautar da ake cira a wajen fasinja galibi na masu hidimar abinci ne da masu gyaran ɗaki, ba namu ba. Kuma in kwantiragi ya ƙare ka dawo gida wata biyu, albashi ya tsaya. Masu lissafa dala sau goma sha biyu suna canzawa zuwa naira, ku gyara lissafinku.

Wani ejan a Abuja ya ce in kawo kuɗi ya sama mini gurbi.

Kada ka ba shi ko sisi. Sau nawa zan faɗa? MLC ta hana a karɓi kuɗin samar da aiki daga hannun ma'aikacin ruwa. Abin da aka yarda ya fito daga aljihunka shi ne fasfo, takardar gwajin lafiya ta hukuma, da littafin ma'aikacin ruwa, wanda a Najeriya hukumar NIMASA ke bayarwa. Kuɗin biza ma a kan mai jirgi yake. Bizar Amurka ta ma'aikatan jirgi sunanta C1/D, kuma ba a nemanta sai da takardar ɗaukar aiki a hannu. Duk wanda ya ce zai yi maka ita tun ba a yi maka intabiyu ba, ɓarawo ne, ko da ofishinsa na da na'urar sanyaya ɗaki. Wani yaron unguwarmu ya sayar da babur ɗinsa a kan wannan. Har yau a ƙasa yake tafiya.

Malam, salla da azumi fa? Mutum zai iya riƙe addininsa a wannan aikin?

Wannan ce kaɗai tambayar da ba na jin haushinta, don ni ma ta hana ni barci kafin tafiyata ta farko. Amsar ita ce zai iya, amma ya danganta da abubuwa da yawa, kuma ba duka ne ke hannunsa ba.

Mu fara da mai sauƙi. Ba kai kaɗai ba ne. Ma'aikata 'yan Indunusiya suna da yawa a waɗannan jirage, akasarinsu Musulmi, ga na Indiya da sauran wurare. A jirgi biyu cikin waɗanda na yi aiki, akwai ɗan ɗakin da aka ware ana salla. A wani kuwa, tsakanin gado da ƙofar banɗaki nake shimfiɗa darduma, in abokin ɗakina ɗan Filifin zai wuce sai ya jira in sallame. Mutumin kirki ne, shi ma da nasa littafin addu'ar a ƙarƙashin matashi. 'Yan'uwanmu Kirista da ke tambaya game da Lahadi, halinmu ɗaya: babu ranar da aka keɓe, sai dai ma'aikata su haɗa taron addu'arsu da tsakar dare bayan an tashi aiki.

Alƙibla ita ce ta farko da za ta ruɗa ka, domin jirgi yana juyawa kana cikin salla. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da magana a kan wannan, a Malikiyya an ce ka juya tare da alƙiblar in zai yiwu. A ɗakin da babu taga kuma, wane ne zai gaya maka an juya? Kamfas ɗin waya ba abin dogaro ba ne a cikin ƙarfe. Ni talabijin ɗin ɗaki nake dubawa, akwai tashar da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa, in yi kirdado in tayar. Lokaci ma haka: agogon jirgi kyaftin ne ke saita shi, wani lokaci ya saɓa da na garin da kuke. In ana tsallaka Atilantika zuwa Turai, sau da yawa ana ƙara awa ɗaya a agogo, barcinka ya ragu, jadawalin sallarka ya rikice.

Batun ƙasaru da haɗa salloli kuwa, akwai saɓanin malamai a kan wanda tafiyar ita ce sana'arsa kuma jirgin ne gidansa na watanni. Kada ka ɗauki fatawa daga wajen MC. Ka je wurin malaminka da jadawalin aikin a hannu, ka nuna masa cewa tsakanin ƙarfe bakwai na yamma da sha ɗaya na dare ba ka da minti goma naka, ya gaya maka yadda za ka yi. Juma'a kuwa, za ka yi watanni ba ka samu ba sai in jirgi ya tsaya a garin da ke da masallaci kuma layin fita ya zo kanka. Na taɓa samu a Istambul, na yi ta murna kamar ranar idi.

Azumi ya danganta da inda jirgin yake. A 2019 watan ya faɗo a Mayu muna arewacin Turai, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, ni kuma ina tsalle a dandamali da maƙogwaro a bushe. Na sha wuya. A 'yan shekarun nan da azumi ke faɗowa ƙarshen sanyi, yini ya fi gajarta, abin ya yi sauƙi. Sahur yakan samu, domin ɗakin cin abincin ma'aikata na da na dare saboda masu kwana aiki, in kuma kun yi yawa shugaban kicin yakan ware muku. Yakan, na ce. Shugaba nagari zai matsar maka da aiki ka sha ruwa a kan lokaci. Wani kuma zai kalle ka ya ce jadawali jadawali ne. Ni na gamu da duka biyun. Abin da ya taimake ni shi ne faɗa tun ranar farko, da ladabi, ba ran da aka ga wata ba.

Saura wanda ba a so a faɗa. Jirgin nan ana sayar da giya a kowane hawa, akwai gidan caca, bingon da zan kira lambobinsa ma da kuɗi ake shiga. Ba kai ke zuba giyar ba, amma a mashaya za a ba ka makirufo ka yi karawoke. Wasu sun auna suka ga za su iya, wasu suka nemi sashen yara ko na fitilu da sauti, wasu suka haƙura da aikin gaba ɗaya. Ban ga laifin ko ɗaya ba. Abin da ba na so shi ne ka je can ka ce ba a gaya maka ba.

Ance akwai Turawa mata masu son...

Tsaya nan. Hulɗa da fasinja kora ce nan take, a tasha ta gaba za a sauke ka da akwatinka. Kyamara tana ko'ina. Kai da ka zo neman na kanka, me ya kai ka?

Jirin teku fa?

Mako ɗaya, ya wuce. Ka ci busasshen biredi.

Ana samun waya da gida?

Ana samu. Tun da jirage suka fara amfani da Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan Adam, a 2022 intanet ya gyaru sosai. Matsalar ita ce lokaci: sanda ka tashi aiki a Karebiyan, a Jos an yi asuba har yara na shirin makaranta. Sunan ɗan yayata ta waya na halarta, ina tsaye a bayan labule da kayan 'yan fashin teku a jikina.

Turancina bai yi ƙarfi ba.

To gyara shi. Aikin baki ne. In ka ƙara da Sifaniyanci, Italiyanci ko Jamusanci, jiragen Turai irin na MSC da Costa suna son mai harshe fiye da ɗaya.

Yaya, ba za ka shigar da ni ba?

Ba ni da ƙofar. Kamfanonin suna da shafin neman aiki, kuma suna lissafa wakilan da suka amince da su. Ka ɗauki bidiyon minti biyu kana riƙe da taro, da Turanci, fuskarka a fili, ba kiɗa a baya yana danne muryarka. Ka sabunta fasfo, ka karɓi katin rigakafin shawara. In ka gama waɗannan ka turo mini bidiyon, zan duba. Kada ka turo na bikin da kake kirarin masu liƙi, can babu mai liƙa maka.