Ƙwayoyin gadon jariri da ɗaukar ƙanjamau daga uwa

Jariri kan ɗauki ƙwayar HIV daga mahaifiyarsa tun yana ciki, ko wajen naƙuda, ko ta nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a sha magani ba, kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari na irin waɗannan jarirai ne ke kamuwa. Ke nan ko a zamanin da babu magani, akasarinsu kan tsira. Wannan ne ya sa tun shekarun 1990 masu bincike ke duba ko abin da yaro ya gada yana da hannu a ciki.

Kamannin uwa da ɗa

HLA wasu ƙwayoyin gado ne da ke sa wa ƙwayoyin jiki alama, da ita garkuwar jiki ke bambance na gida da baƙo. Yaro yana gadon rabi daga uwa, rabi daga uba, sai dai wani lokaci rabin uban ma kan zo daidai da na uwar. A 1998 wani bincike da aka yi a Nairobi ta ƙasar Kenya ya gano cewa gwargwadon kamannin HLA ɗin jariri da na uwarsa, gwargwadon haɗarin kamuwarsa. Daga baya an ga makamancin haka a Amurka.

Bayanin da aka fi bayarwa shi ne, ƙwayar cutar kan fito daga jikin uwa lulluɓe da alamomin uwar. Idan alamomin baƙi ne ga jaririn, garkuwarsa za ta far musu. Idan irin nasa ne, sai su wuce kamar 'yan gida. Akwai kuma wani ɓangaren. Ƙwayar da ta daɗe a jikin uwa ta riga ta koyi zillewa HLA ɗinta, don haka yaron da ya gaji irinsa ya karɓi cutar da ta san lagonsa. An nuna haka a 2001 a kan nau'in HLA-B27.

CCR5

CCR5 ita ce ƙofar da yawancin ƙwayoyin HIV ke bi su shiga ƙwayoyin garkuwa, kuma kusan duk cutar da jarirai ke ɗauka ta nan take bi. A 1996 aka gano wani canji mai suna delta 32, inda haruffan gado 32 suka ɓace, ƙofar ta toshe. Wanda ya gaje shi ta uwa da uba da wuya ya kamu. Wanda ya gaje shi ta gefe ɗaya, ba a ga wata kariya tabbatacciya gare shi wajen haihuwa ba. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari a arewacin Turai ke da shi ta gefe biyu. Lokacin samuwarsa akwai saɓani: an taɓa cewa shekara 700 ne, aka danganta shi da annoba, amma an tarar da shi a ƙasusuwan da suka haura shekara dubu biyu. A Afirka, inda aka fi haihuwar jariran da abin ya shafa, kusan babu shi.

CCL3L1

CCL3L1 ƙwayar gado ce da ke samar da sinadarin da kan tare ƙofar CCR5, kuma yawan kwafinta ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Wani bincike a Afirka ta Kudu ya danganta ƙarancin kwafinta da kamuwar jarirai. Wasu masana na shakkar yadda aka yi ƙirgen.

Jinsi da tagwaye

Bincike a Malawi da Turai ya nuna jarirai mata sun fi maza kamuwa tun a ciki. A tagwaye kuma wani bincike na 1991 ya lura cewa Hassan ya fi Husaini kamuwa, ana jin domin shi ya fi daɗewa a hanyar haihuwa. Wannan na tagwaye ba ruwansa da gado.

A asibiti

Ba a gwada HLA ko CCR5 a wajen awon ciki. Yawan ƙwayar cutar a jinin uwa ya fi kowane gado tasiri, kuma shan magani yakan sauko da haɗarin ƙasa da kashi 5 cikin ɗari.