Bol ya karye a manifol ɗin salansa: yaya ake ciro guntun?

Duk wanda ya taɓa zaman jira a gareji ya san wannan ƙarar. Bakanike ya ɗora sifana, ya ɗan ƙara ƙarfi, sai ka ji ƙas! Kan bol ya faɗo, sauran ya yi zamansa a cikin injin. An fi ganin haka a manifol, wato ƙarfen da ke manne a gefen kan injin, mai tattara hayaƙin silinda ya miƙa wa bututun salansa. A gareji komai noti ake ce masa, amma a nan zan raba su: bol shi ne dogon mai zare, noti kuma wanda ake murɗawa a kansa.

Me ke karya su tun farko?

Zafi da sanyi. Idan mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu, manifol kan wuce digiri 600, alhali kan injin da yake jingine da shi ruwa na sanyaya shi, bai cika nisa da digiri 100 ba. Manifol ya miƙe, ya tankwara bol ɗin da ke riƙe da shi. A kashe mota ya tsuke, ya dawo da su. Kullum haka, shekara da shekaru. Na bakin gefe su suka fi shan wuya, shi ya sa yawanci na can baya, inda hannu ba ya kaiwa, shi ke fara tafiya. Injinan V8 (masu silinda takwas) na manyan motocin Amurka sun yi suna a kan wannan ciwo: Hemi mai lita 5.7 da ya fara fitowa a motocin Ram a 2003, da 5.3 na Chevrolet, da 5.4 na Ford. Ga kuma tsatsa. A ƙasashen ƙanƙara gishiri ake barbaɗa wa titi, motar da aka yi amfani da ita a can kuwa da tsatsarta take isowa.

Yaya zan gane ba tare da an kwance komai ba?

Ka tayar da motar da sassafe ka kasa kunne. Za ka ji tas-tas-tas yana bin gudun injin, bayan 'yan mintuna ya lafa, domin ƙarfen ya ɗumama ya toshe kafar. Leƙa gefen manifol, sau da yawa akwai baƙin tabon hayaƙi daidai inda bol ɗin ya ɓace.

In guda ɗaya ne, ba zan iya ci gaba da hawa ba?

Motar za ta tafi. Sai dai gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin manifol da kan injin, zai ƙone, nauyin ya koma kan maƙwabtan bol ɗin, su ma su bi sahu. Hayaƙin da ke tsiyaya kuma yana ɗauke da iskar guba marar wari, tana iya shiga cikin mota ta kafar iska.

Guntun ya leƙo waje, me za a yi?

Wannan shi ne mai sa'a. A cire manifol ɗin gaba ɗaya don a samu fili, a goge tsatsa da burushin ƙarfe, a fesa man kwance tsatsa a bar shi ya jiƙa, in da hali ya kwana. A ɗan ƙwanƙwasa kan guntun da guduma, sannan a kama shi da filaya mai kulle. Idan akwai sauran zare, a ɗaura noti biyu a matse su da juna, a juya na ciki. Kada a murɗa gaba ɗaya a tashi guda: kaɗan baya, kaɗan gaba, a ƙara mai. Da ka ji ya fara ƙiiƙ-ƙiiƙ, to ya saki.

In ya karye daidai da fuskar ƙarfen, ko ma ya nutse ciki fa?

A nan, a ganina, babu kamar walda. Dalilin kuwa, kan yawancin injinan yanzu alminiyam ne, waldar ƙarfe ba ta kama shi. Mai walda zai ɗiga narkakken ƙarfe a kan guntun, ɗigo bisa ɗigo, har ya taso waje kamar ɗan tsiro. Sai ya ɗora wosha ya haɗe ta da tsiron, ya ɗora noti mai ɗan faɗi a kai, ya cika ramin notin da walda har ya yi ja. Ka ga an yi wa guntun sabon kai ke nan.

Amma ba kan ne kaɗai amfanin ba. Zafin nan da ya ratsa guntun yana kumbura shi a cikin ramin, ya farfasa tsatsar da ta haɗe su, in ya huce ya tsuke ya bar 'yar kafa. Don haka kada a kai sifana yana ja. A bari jan ya dushe tukuna, a murɗa a hankali, baya da gaba. Sau tari notin farko yana ɓallewa, wani lokaci har na uku. Ba asara ba ce, kowane zagaye na zafi sassauta shi yake yi.

Kafin a kunna injin walda a cire kan batir, a maƙala wayar at ta injin waldar, wato mai maƙali da ake kamawa a jikin ƙarfe, kusa da wurin aikin, domin kada wutar ta bi ta kwamfutar motar. A kuma rufe wayoyi da bututun fetur da ke kusa. Idan kan injin ƙarfen zubi ne, walda na iya kama bakin ramin, sai an ƙara kula.

In babu mai walda, sai huda?

Sai huda, kuma duk wahalar tana wajen samun tsakiya. Guntun bai karye sumul ba, bakin diril zai so ya zame ya faɗa alminiyam, wanda ya fi laushi. A daidaita fuskar guntun, a buga alama a tsakiya cif, a fara da siririn baki kamar mai milimita 3, a tafi a hankali ana ɗiga mai. Wasu kan mayar da manifol ɗin su yi amfani da raminsa ya zame musu jagora. Bakin diril mai juyin hagu ya fi, domin yana cikin ci yana kwancewa, wani lokaci sai ka ga guntun ya biyo shi waje.

Yawancin waɗannan bol ɗin M8 ne, wato masu kaurin milimita 8, ramin da ke ƙarƙashin zarensu milimita 6.8. Iyakar faɗin da za a kai ke nan, sannan a tsince ragowar a wanke zaren da taf, ƙarfen da ake yanka zare da shi a cikin rami. Zurfi ma a auna shi da wani ramin da ke lafiya, a naɗa tef a bakin diril. A wasu injinan hanyar ruwa na nan bayan ramin, in aka ɓula ta, magana ta canza.

Wannan ƙarfen ciro bol mai zaren hagu, irin su Easy Out, ba shi ne maganin ba?

Ni tsoronsa nake ji a wannan aiki. Yana da kyau ga bol ɗin da ya karye amma bai maƙale ba. Ga wanda tsatsa ta riƙe kuwa, yana shiga yana buɗa guntun, ya ƙara matse shi a ramin. Kuma ƙarfe ne mai tauri ƙwarai marar lanƙwasa, ba ya gargaɗi, sai dai ka ji ya tsinke. Yanzu ga abin da diril na yau da kullum ba ya ci a tsakiyar ramin. Garin neman gira an rasa ido: aikin yini ɗaya ya koma sauke kan injin a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe. In dole sai an gwada shi, da ƙaramin hannu, kuma da an ji ya fara murɗewa a tsaya.

Zaren ramin ya cinye, kan injin ya tashi aiki ke nan?

A'a. Ana faɗaɗa ramin kaɗan, a yanka sabon zare, a saka zaren ƙarfe irin Helicoil ko Time-Sert, bol M8 ya koma mazauninsa.

Wajen mayarwa fa, me zai hana a maimaita?

A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar manifol a duba. In ya kantare a kai a daidaita shi ko a sauya, in ba haka ba sabon bol ma karyewa zai yi. A sauya dukkan bol ɗin gefen, ba wanda ya karye kaɗai ba, da masu lambar ƙarfi 10.9 a ka ko irin na kamfanin motar, a sa sabon gasket. Ɗauri daga tsakiya ake farawa a fito gefe, a zagaye biyu. Ga M8 awon ƙarfin ɗaurin bai cika wuce Nm 25 ba, ainihin adadin yana littafin motar. Hannu ɗaya a kan gajeriyar sifana ya kai wannan, don haka in ka ga yaron gareji ya ɗauko bututu zai zura a sifana, ka dakatar da shi.