Cancanta a Wikipedia: dalilin goge shafin malamin da duk zango ya sani

Matasan Nima da Mamobi da Madina, unguwannin zango na Akra a Gana, da suka fara rubutu a Wikipedia, kusan dukkansu abu ɗaya ne ke fara ɓata musu rai. Mutum ya kwana yana haɗa tarihin malaminsa ko na sarkin unguwarsu, ya sa hoto, ya wallafa, washegari ya tarar an maƙala wa shafin gargaɗi a sama, ko kuma shafin ya ɓace ɗungurungum. In ya nemi dalili sai a ce masa wanda ya yi rubutu a kansa bai cika sharaɗin notabiliti ba, wato cancanta. Wanda ya ji haka karon farko yakan ɗauka cin mutunci ne. Dattijon da ya kwashe shekaru yana karantarwa, wanda ranar jana'izarsa sai da aka rufe titi, shi ne wani da bai taɓa taka Akra ba zai ce bai cancanta ba?

A gidan Wikipedia, cancanta ba ta auna darajar mutum, ba ta auna yawan waɗanda suka san shi. Tambaya ɗaya take yi: shin wasu da ba su da alaƙa da wannan mutumin sun zauna sun yi rubutu mai tsawo a kansa, a wurin da aka san ana tace magana kafin a buga? In amsar e ce, ana ɗauka ya isa a ba shi shafin kansa. In a'a ce, ko da waliyyi ne, ba shi da shafi. Ƙa'idar Wikipedia ta Turanci ke nan a taƙaice, kuma a can ne akasarin 'yan Gana ke cin karo da ita.

Kowane yanki na wannan tambayar akwai rigimarsa. Rubutu mai tsawo yana nufin a tattauna mutumin shi kansa. In Daily Graphic ta ba da labarin Maulidi ta jero malaman da suka halarta har da sunan malaminka, ambato ne kawai, ba ya ƙirguwa. Wurin da ake tace magana kuwa shi ne jarida mai edita, littafin da kamfanin ɗab'i ya buga, mujallar bincike ta jami'a, ko gidan rediyo da talabijin da aka san shi da gyara kuskurensa. Facebook da TikTok da saƙon WhatsApp ba sa ciki. Girman jarida ma ba ya wanke ta: a 2017 editocin Wikipedia ta Turanci suka yanke shawarar daina dogaro da Daily Mail ta Ingila, duk da ɗimbin masu karanta ta.

Amma inda aka fi kai ruwa rana shi ne batun rashin alaƙa. Ɗan littafin tarihin da almajirai suka buga don addu'ar arba'in, daga cikin gida ya fito. Shafin intanet na makarantar da malamin ya kafa, shi ma na gida ne. Hirar da aka yi da mutum yana ba da labarin kansa tana iya tabbatar da garin da aka haife shi, amma ba ta kafa cancanta, don bakinsa ne ke magana. Sai kuma wadda ta fi yaudarar sabon edita a Gana: ya kawo mahaɗai 10 daga shafukan labarai 10, yana ganin ya gama. Tsohon edita ya buɗe su ya ga kalmomin iri ɗaya ne har da kuskuren rubutu, domin sanarwa ɗaya ce mai taron ya raba wa 'yan jarida, kowa ya manna a shafinsa. Duk wanda ya yi karatun hadisi zai gane lissafin nan take: mutum 10 da dukkansu suka karɓo daga bakin mutum ɗaya, hanya ɗaya ce, ba 10 ba. Mu da ke nan mun san da soli, ɗan ambulan da ake miƙa wa ɗan jarida bayan taro a ce kuɗin mota ne. Editocin waje ba lallai su san sunan ba, amma sun iya gane warin labarin da aka saya, kuma zargin nan yakan shafi har labaran da aka rubuta tsakani da Allah.

Me ya kawo wannan tsananin? Tun da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe Wikipedia a watan Janairun 2001, kowa na iya gyara ta, har wanda ya ɓoye sunansa. Babu babban edita, babu mai duba takardar shaidar kowa. In ka rubuta cewa malam ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara 9, ba wanda zai iya bambance ko kai jikansa ne da ya ji daga bakinsa ko kuwa maƙaryaci ne. Mafita ɗaya da suka samu ita ce kada a yarda da kowa, a yarda da abin da wani zai iya zuwa ya duba da idonsa. Shi ya sa aka hana edita shigar da binciken kansa, ko da gaskiya ne. Kuma sun ɗanɗana kuɗarsu kafin su ƙara ɗaure igiyar: a 2005 wani ya rubuta ƙarya a shafin John Seigenthaler, tsohon ɗan jarida a Amurka, ya alaƙanta shi da kisan 'yan gidan Kennedy, ƙaryar ta yi watanni ba wanda ya lura. Bayan wannan abin kunya ne aka tsaurara dokar rubutu a kan mutanen da ke raye. Cancanta ta tsiro ne daga nan. In babu majiyoyi masu zaman kansu, ba a da abin da za a gina shafi da shi sai yabon masoya ko sharrin maƙiya.

Gogewar kanta hawa-hawa ce. Shafin da bai ma faɗi abin da ya bambanta mutumin da sauran jama'a ba, admin ɗaya, wato editan da aka ba ikon goge shafi, na iya share shi nan take. In akwai abin jayayya, sai a kai shi zauren muhawarar gogewa, inda akan bar magana a buɗe kwana 7. A nan mutanenmu ke yawan faɗawa rami. Mai shafin ya ruga guruf ɗin WhatsApp na bes ɗinsu, wato majalisar samarin unguwa, ya ce 'yan'uwa a taimaka, a zo a jefa ƙuri'a. Sai ga sababbin asusu sun yi dafifi, kowa na rubuta cewa a bar shafin, malam babban mutum ne. Alhali ba zaɓe ake yi ba. Wanda zai rufe muhawarar nauyin hujja yake dubawa, kuma ganin taron baƙin da aka gayyato yakan ƙara masa zargi ne. Mutum ɗaya da ya zo da shafi biyu na wani littafin jami'a ya fi su duka amfani. Haka nan ja-in-ja a cikin shafi, wannan ya sa wancan ya cire: wanda ya mayar da gyara fiye da sau 3 cikin awa 24 a shafi ɗaya yana iya samun kansa a toshe, ko da shi ne mai gaskiya. Wanda kuma aka biya don ya rubuta, tun 2014 dokar amfani da shafin ta wajabta masa ya bayyana.

Kada a ɗauka 'yan zango kaɗai abin ke ci. A watan Satumban 2007 Jimmy Wales da kansa ya buɗe shafi mai jimla ɗaya a kan Mzoli's, wani wurin gasa nama a Gugulethu kusa da Kef Tawun a Afirka ta Kudu. Minti 22 aka yi wani matashin admin ya goge shi. An yi ta cacar baki, aka nemo majiyoyi, shafin ya dawo. Na Donna Strickland ya fi ban takaici. Masaniyar kimiyyar fiziks ce a Kanada. A watan Mayun 2018 aka ƙi karɓar daftarin shafinta bisa cewa majiyoyin da aka kawo ba su nuna cancanta ba, a watan Oktoban shekarar ta ci kyautar Nobel, mace ta uku da ta taɓa cin ta a wannan fanni. Wanda ya ƙi daftarin, takardun da ke gabansa kawai ya duba, bai fita ya nemi wasu ba.

Akwai rukunonin da aka sassauta musu. Duk wanda ya taɓa zama ɗan majalisar dokokin ƙasa ana ɗauka ya cancanta, don haka mai wakiltar mazaɓar Ayawaso ta Gabas a Akra ko ta Asawase a Kumasi ba ya shan wahala. Asambuliman, wato kansilan da ke gyara kwata da fitilun unguwa, wanda kowa ya san ƙofar gidansa, ba ya cikin wannan alfarma. 'Yan ƙwallo a da wasa ɗaya a gasar ƙwararru ya ishe su, amma a 2022 aka soke wannan, aka ce su ma sai an kawo rubutu mai tsoka a kansu. Mohammed Kudus, ɗan Nima, ba ruwansa da wannan sauyi, jaridun Holan da na Ingila sun cika da labarinsa. Kocin da ya fara koya wa yara irinsa taka leda a filin ƙura shi ne ba a da abin da za a ɗora masa.

To a nan ne ƙorafin mutanen zango yake da tushe, kuma ni ina ganin babba ne. Ma'aunin yana ƙirga abin da aka riga aka rubuta, ya kuma gaji duk son zuciyar masu rubutun. Jaridun Akra sun fi tunawa da zango ranar Sallah, ranar gobara, ko lokacin zaɓe in an yi rikici. Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ba shi da matsala: yana kan muƙamin tun 1993, kuma ziyarar da ya kai cocin Katolika na Christ the King a bikin Ista na 2019, lokacin cikarsa shekara 100, ta zagaya duniya. Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ya rasu a 1934, shi ma ya tsallake, amma a lura da dalili: masu bincike daga Turai da Amurka sun yi nazarin waƙoƙinsa da rubuce-rubucensa, kuma Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta tattara rubutun Larabci da Ajami na malaman ƙasar nan a shekarun 1960. Malaman zamaninsa da babu baƙon da ya je ya zauna a zaurensu, iliminsu na nan a kan almajiransu da cikin akwatunan jikokinsu, a idon Wikipedia kuwa babu su. Mata abin ya fi muni: hajiyoyin da suka riƙe kasuwar goro da ta hatsi, suka biya wa yaran unguwa kuɗin makaranta, da wuya a samu ko layi ɗaya a kansu.

An taɓa gwada buɗe ƙofa. A 2011 Achal Prabhala, ɗan Indiya, ya jagoranci wani gwaji a Indiya da Afirka ta Kudu, inda aka naɗi maganar dattawa aka ajiye muryar don a riƙa kafa hujja da ita. Wikipedia ta Turanci ba ta rungumi tsarin ba. Duk da ƙorafin da na yi a sama, na fahimci tsoronsu. In aka ce maganar baka ta wadatar, ba malaman zaure ne za su fara shigowa ba. Masu neman takara da masu maganin kuɗi da mawaƙan da suka saki waƙa ɗaya ne za su cika layi. Sannan duk wanda ya san rigimar sarauta a zango ya san gida biyu na iya kawo dattawa biyu, kowanne ya rantse kakansa ne ya fara sare dajin wurin. Editan da ke zaune a wata ƙasa da me zai raba wannan gardama?

Abin da sababbin editoci da yawa ba su sani ba shi ne ƙa'idar ta fi yadda ake aiki da ita faɗi. Ba dole majiya ta kasance da Turanci ba, ta Hausa ko Larabci ko Faransanci duk tana shiga. Ba dole ta kasance a intanet ba, tsohuwar Ghanaian Times da ke ɗaure a ɗakin karatu na Balme a Legon hujja ce cikakkiya in ka ba da rana da lambar shafi. Kuma cancanta tana rataye ne a kan samuwar majiyoyin, ko da ba a riga an sa su a shafin ba, shi ya sa ake buƙatar mai neman a goge ya fara bincikawa, duk da cewa da yawa binciken nasu bai wuce Google ba. An yi rubutu a kan zango fiye da yadda muke zato. Enid Schildkrout ta buga nazarinta kan zangon Kumasi a 1978, Deborah Pellow ta yi shekaru tana bincike a Sabon Zango na Akra, unguwar da Malam Baƙo ya kafa. Ƙungiyoyin sa-kai irin su Open Foundation West Africa, wadda ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Felix Nartey, ya zama gwarzon Wikipedia na shekarar 2017, suna koyar da irin wannan tono a tarukan da suke shiryawa a Akra.

Kowane harshe kuma yana da ikon tsara nasa ma'aunin. Wikipedia ta Hausa da ta Twi da ta Dagbani, wadda ta samu gindin zama a 2021, ba a ɗaure suke da hukuncin ta Turanci ba, don haka shafin da aka goge can yana iya rayuwa a nan, ko da yake su ma suna neman madogara.

Sai wata hanya da ake yawan mantawa da ita. Sharaɗin cancanta ya shafi ba wa abu shafin kansa ne kawai, bai shafi abin da ake rubutawa a cikin wani shafin ba. Malamin da majiya ɗaya tak ta ambace shi ba zai samu shafi ba, amma in majiyar ingantacciya ce, ana iya sa jimla biyu a kansa a cikin shafin Nima ko na Sabon Zango, a ƙarƙashin tarihin makarantun unguwar, da sunansa da shekarar da ya buɗe makarantar da lambar shafin littafin da ya faɗi haka.