Ku Daina Cewa "Tsufa Ne Kawai"

Dattijo ne ke fara faɗa da bakinsa: "Kaina ba kamar da ba, sunan jikana ma sai na yi ta lalube." Ko Hajiya ta ce kwana biyu tana rasa raka'a nawa ta yi. Sai 'ya'ya su yi dariya, "Baba, ai tsufa ne." Shi ke nan, an rufe maganar. Ba a kawo mana shi asibiti sai ranar da ya fita masallaci ya kasa gane hanyar gida. Wannan dariyar ce ke ba mu haushi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Sassan ƙwaƙwalwa masu ajiye abin da ya faru jijiyoyi ne suka haɗa su, kuma haɗin kan iya fara rauni tun gwajin asibiti bai nuna komai ba. Masu irin wannan ƙorafi haɗarinsu na kamuwa da gigin tsufa, wato cutar mantuwa mai tsanani, ya kusa ninka na tsaransu. Kada hankalinku ya tashi, yawancinsu ba sa kaiwa can. Wani ciwon damuwa ne, wani rashin barci, wani ƙarancin sinadarin B12, musamman wanda ya daɗe yana shan maganin suga na metformin, wani kuwa kunne ne ya yi nauyi. Duk akwai abin yi a kansu. To wa zai gano, alhali kun riga kun yanke hukunci a tsakar gida?

A 2024 kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, masu alaƙa da kusan kashi 45 cikin 100 na cutar gigin tsufa. Hawan jini na ciki. A ɓoye yake lalata ƙananan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa, ku kuma kuna cewa tsufa. Haba jama'a!

Don Allah:
- Ku kawo shi tare da wanda suke zama da shi, da duk magungunan da yake sha, har na gargajiya.
- A auna jini. In yana kai 140/90 a kai a kai, a fara magani, kuma ba a dainawa don an ji sauƙi.
- A gwada suga, ido da kunne.
- Gishiri kada ya kai ƙaramin cokali ɗaya a yini, har da na dunƙule.
- Tafiyar minti 30, kwana 5 a mako.
- Kada a killace shi a ɗaki, a bar shi ya je majalisa.

In kuwa rikicewar farat ɗaya ta zo, baki ya karkace ko hannu ya saki, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.