Ma'anar obakulokin, da abin da yake yi wa memorin katin hoto a ƙaramin akwati

Kalmar obakulokin ta shiga bakin matasanmu masu haɗa bidiyon biki da masu wasannin kwamfuta a Birnin Kebbi, wasu har suna faɗinta kamar wani laƙani ne na samun gudu a kyauta. Ma'anarta ita ce ka sa wani sashe na kwamfuta ya yi aiki da saurin da ya zarce wanda kamfani ya ɗora shi a kai. Kowane irin wannan sashe yana da bugu kamar na zuciya, ana ƙidaya shi da megahaz. In ka ƙara yawan bugun, ka yi obakulokin ke nan.

A katin hoto, wato sashen kwamfuta da ke sarrafa hotunan da kake gani a fuskarta, wuri biyu ake taɓawa: ƙwaƙwalwar da ke lissafi, da memorin da ke kewaye da ita, inda ake jibge hotunan da take aiki a kansu. Memorin nake son mu tsaya a kai, don nan ake yawan cutuwa ba a sani ba.

A watan Satumba na 2020 kamfanin Nvidia ya fitar da katunan hoto RTX 3080 da RTX 3090, ɗauke da sabon memori mai suna GDDR6X wanda kamfanin Micron ya ƙera. Yana da sauri, yana kuma da zafi. In cikinsa ya kai wajen digiri 110, katin da kansa yake ja baya don kada ya ƙone. Na 3090 ya fi wahala, domin memorinsa gigabayit 24 ne, rabi an dasa shi a bayan allon, inda iskar fanka ba ta kaiwa sosai. Mutum zai duba ya ga ƙwaƙwalwar katin tana digiri 70, hankalinsa ya kwanta, alhali memorin yana dahuwa. Lambar da ya kamata ya duba daban ce, wato ta zafin memorin, manhajar HWiNFO da GPU-Z suna nuna ta.

Ga inda abin ya fi ruɗa mutane. A tsofaffin katuna, in ka matsa wa memori fiye da ƙarfinsa, za ka ga ɗige-ɗige masu launi a fuskar kwamfuta, ko wasan ya tsaya cak, sai ka gane ka wuce gona da iri. GDDR6X ba ya yin kuka da wuri. Yana da dabarar gano kuskure: in saƙon da aka aika ya lalace a hanya, sai a sake aika shi. Kamar ɗan kabu-kabu ne da ke zabga gudu daga kasuwa, buhu yana faɗuwa yana komawa ya ɗauko. Allurar gudunsa tana sama, amma wanda ya tafi a hankali ya riga shi sauke kaya. Haka za ka ga lambar megahaz ta hau, aikin kuma ya ragu.

Yanzu a sa wannan kati, mai cin wuta wat 320 zuwa 350, cikin ƙaramin akwati. Irin akwatunan nan ana yi musu babban allon da ake dasa sassan kwamfuta a kansa mai santimita 17 kowane gefe, suna da kyau a kan tebur, suna da sauƙin ɗauka zuwa wurin aiki. Sai dai duk wutar da katin ya ci zafi take komawa, kuma a ɗan wurin nan fankar tana sake shaƙar iskar da ta fesar. Ƙara da namu yanayin. Bature mai gwada kati a YouTube yana zaune ne a ɗaki mai digiri 22 ko kusa da haka. Mu a watan Afrilu, a Jega ko Argungu, zafi yana haura 40, ɗakin kwano kuwa sai wanda ya zauna ciki. Wannan tazarar kusan gaba ɗayanta take hawa kan katinka. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke toshe haƙoran ƙarfen sanyaya. Shi ya sa raina yake ɓaci in na ga yaro ya kwafi lambobin wani daga intanet ya zuba wa katin da ya yi shekara yana tara kuɗinsa.

Akwai kuma batun katunan hannu. Da Ethereum, wani kuɗin intanet, ta daina amfani da haƙa, wato sa katunan hoto su yi ta lissafi don a samo kuɗin, a watan Satumba na 2022, katuna masu yawa sun kwararo kasuwa, kuma memorinsu ne aka fi gallaza wa dare da rana. 'Yan kushin masu laushi da ke ɗauke zafi daga memori zuwa ƙarfe sukan bushe ko su yi ta tsatsar mai. Sauya su yana sauke zafi sosai, amma sai an dace da kaurin. In sun yi kauri, za su ɗage ƙarfen daga kan ƙwaƙwalwar, a gyara nan a ɓata can.

Shawarata, sanyaya ta fara zuwa. Buɗe wa akwatin hanyar iska, kada a manna shi da bango, a sa fanka mai fitar da zafi, a hure ƙura. A cikin MSI Afterburner, manhajar da ake saita katin da ita, rage iyakar wutar katin zuwa wajen kashi 80 cikin 100. Abin da za ka rasa na gudu kaɗan ne, zafin da zai sauka kuwa za ka gani da idonka. Bayan nan, in har kana so, ƙara wa memorin megahaz 100, ka gwada da aiki iri ɗaya, ka rubuta sakamakon, sannan ka sake ƙarawa. Inda sakamakon ya daina hawa, koma baya taki biyu. Gwajin kuma a yi shi da ƙarfe uku na rana, fankar ɗaki a kashe, kamar yadda zai kasance ranar da janareto ba zai iya ɗaukar komai ba sai kwamfutar.