Hukuncin da ya kafa tarihi: me ake nufi, kuma ina ruwan mutumin Katsina da shi?

Duk ranar da Kotun Ƙoli ta yanke wata babbar shari'a, kafin la'asar gidajen rediyo sun ɗauka cewa an yanke hukuncin da ya kafa tarihi. An faɗi haka a watan Maris na 2023 kan tsofaffin takardun Naira, an sake faɗa a Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi. Yawan jin maganar ya sa mutane da dama suka ɗauka duk shari'ar da ta taɓa gwamna, ko ta cika gari da surutu, ita ce mai kafa tarihi. A wajen masu aikin shari'a ma'aunin daban ne. Su abin da suke tambaya shi ne: gobe idan wata ƙara mai kama da wannan ta zo gaban wani alƙali a Funtuwa ko Daura, dole ne ya bi hujjar da aka kafa yau? Idan dole ne, kuma hujjar sabuwa ce ko ta warware wani ruɗani da aka daɗe ana fama da shi, to hukuncin ya kafa tarihi, ko da babu jaridar da ta buga shi.

Tushen abin yana cikin tsarin shari'ar da Najeriya ta gada daga Ingila. A wannan tsari doka ba ta tsaya ga abin da majalisa ta rubuta ba. Fassarar da manyan kotuna suka yi wa rubutun ita ma doka ce, kuma tana ɗaure duk kotun da ke ƙasa da su. Majistare yana bin Babbar Kotu, Babbar Kotu tana bin Kotun Ɗaukaka Ƙara, ita kuma tana bin Kotun Ƙoli. Inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha. Sashe na 235 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce daga Kotun Ƙoli babu sauran wurin ɗaukaka ƙara, sashe na 287 kuma ya wajabta wa kowace hukuma da kowane mutum da kowace ƙaramar kotu su zartar da hukuncinta a ko'ina cikin ƙasa. Kafin 1963 ma maganar ƙarshe ba a nan take ba, har Landan ake kai ƙara. Bayan da ta dawo gida, Katsina ta ba da manyan masu riƙe ta: Mai Shari'a Mohammed Bello ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1987 zuwa 1995, Mai Shari'a Mamman Nasir, Galadiman Katsina, ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992.

Wanda ya taɓa zama a Babbar Kotu ya ga yadda abin ke aiki da idonsa. Lauya zai miƙe cikin baƙar rigarsa, ya ce "Ya Mai Shari'a", ya buɗe wani ƙaton littafi na tarin hukunce-hukuncen baya, ya karanto sunan masu ƙara, shekara da lambar shafi, ya ce ga abin da Kotun Ƙoli ta faɗa a irin wannan matsala. Abokin karawarsa ba zai ce Kotun Ƙoli ta yi kuskure ba, ba shi da wannan hurumin. Abin da zai yi shi ne ya nuna cewa waccan ƙarar da wannan ba ɗaya suke ba: a can an sa hannu a takarda, a nan ba a sa ba, a can fili a cikin birni yake, a nan gona ce a ƙauye. Rabin gardamar lauyoyi a kan wannan take, wato ko tsohon hukuncin ya hau kan sabuwar ƙarar ko bai hau ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na ƙananan hukumomi. Sashe na 7 na tsarin mulki ya ba da tabbacin cewa zaɓaɓɓun shugabanni ne za su riƙa tafiyar da su, amma shekara da shekaru gwamnoni na rushe majalisun su naɗa kantomomi, sau da yawa da goyon bayan wata doka da majalisar jiha ta yi musu. A 2010 gwamnan Ekiti, Kayode Fayemi, ya sallami zaɓaɓɓun ciyamomin jiharsa. Suka kai ƙara, shari'a ta yi ta tafiya har Disambar 2016, lokacin da Kotun Ƙoli ta ce dokar jihar da ta ba gwamna wannan iko ta ci karo da sashe na 7, don haka ba ta da wani ƙarfi. A ranar, mutumin Batsari ko Mashi bai ga abin da ya haɗa shi da rigimar Ekiti ba. Alhali tun 2015 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rushe shugabannin ƙananan hukumomi 34 na Katsina da aka zaɓa a zamanin Ibrahim Shema, su ma suna kotu. Da ƙararsu ta isa Abuja, hanya a share take. A ranar 7 ga Mayu, 2021, Kotun Ƙoli ta ce rushewar da aka yi a Katsina da wadda aka yi a Oyo sun saɓa doka, ta kuma umarci a biya waɗanda aka sallama haƙƙoƙinsu. Ba ta maida su kan kujera ba, domin wa'adinsu ya riga ya wuce, abin da ke nuna illar shari'ar da ta kwashe kusan shekara shida a hanya.

Hukuncin 11 ga Yuli, 2024 a kan waɗannan ya ɗora, ya kuma ƙara gaba. Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, shi ya kai jihohi 36 ƙara kai tsaye gaban Kotun Ƙoli, domin rigima tsakanin tarayya da jihohi daga can take farawa. Alƙalai bakwai suka zauna, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta babban hukuncin: kuɗin ƙananan hukumomi 774 a riƙa tura musu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jihohi ke riƙewa ba, kuma ƙaramar hukumar da kantoma ke riƙe da ita ba ta cancanci kason ba. Abin da ya sa lauyoyi suka daɗe suna muhawara a kansa shi ne sashe na 162 da kansa ya ambaci asusun haɗin gwiwar. Kotu ta ce manufar sashen ita ce kuɗi su isa ga ƙananan hukumomi, tunda kuwa hanyar da aka tanada ta zama hanyar tare su, sai a bi manufa. Wasu suka yaba, wasu suka ce alƙalai sun shiga aikin 'yan majalisa. Ni dai ina ganin masu sukar suna da abin faɗa, amma wanda ya san yadda sakatariyar ƙaramar hukuma ke zama fayau daga an biya albashi, da wuya ya yi kukan asusun haɗin gwiwa.

Ba duk abin da alƙali ya rubuta ne ke zama doka ba. Hukunci ɗaya na iya cin shafuka sama da ɗari, amma abin da ke ɗaure ƙananan kotuna shi ne hujjar da aka dogara da ita wajen raba gardamar. Sauran, irin nasihar da alƙali kan yi wa 'yan siyasa ko hasashen da ya yi kan abin da ba a kawo gabansa ba, tsokaci ne kawai. Ana iya kawo shi don ƙarfafa magana, ba a tilasta wa kowa bin sa. Haka ma ra'ayin alƙalan da aka rinjaya. Katsinawa ba za su manta da 12 ga Disamba, 2008 ba, ranar da aka raba gardamar zaɓen 2007 tsakanin ɗan Katsina da ɗan Daura, Umaru Musa 'Yar'aduwa da Muhammadu Buhari. Alƙalai huɗu suka tabbatar da zaɓen, uku suka ce a soke shi: George Oguntade, Aloma Mukhtar da Walter Onnoghen, saboda an yi amfani da takardun ƙuri'a marasa lambar jeri, saɓanin dokar zaɓe. Har yau ana karanta abin da ukun nan suka rubuta, biyu daga cikinsu ma sun zama Alƙalin Alƙalai daga baya, amma doka ita ce maganar huɗun: bai wadatar mai ƙara ya nuna an karya ƙa'ida ba, sai ya nuna karyawar ta yi tasiri sosai a kan sakamako. Wannan nauyi na daga cikin dalilan da suka sa har yanzu kotu ba ta taɓa soke zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya ba.

Akwai kuma hukuncin da talaka bai taɓa jin sunansa ba amma yana cin karo da shi a banki. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar bankin Savannah da wani mai suna Ajilo, wanda aka jinginar da gidansa a Legas don karɓar bashi. Da bankin ya tashi sayar da gidan, sai ya ce ai ba a nemi amincewar gwamna ba kamar yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada. Kotu ta ba shi gaskiya, jinginar ta rushe, duk da cewa ya mallaki filin tun kafin a yi dokar. Don haka idan ɗan kasuwa a Katsina ya kai takardar gidansa ta Ƙofar Ƙaura banki aka ce masa sai an samo sa hannun gwamna, ba ma'aikacin bankin ne ke ja masa rai ba, shari'ar Ajilo ce ke bin sa. Idan aka auna ta da ta tsofaffin kuɗi, wadda ta ce takardun Naira 200 da 500 da 1,000 su ci gaba da aiki har ƙarshen 2023, ta kuɗin ta fi jawo surutu kuma ta sauƙaƙa wa mutane a lokacin da ake kwana a layin banki, amma ta Ajilo ce lauyoyi suka fi buɗewa.

Faɗin hukunci ma yana da iyaka. A 2014, a shari'ar Ukeje, Kotun Ƙoli ta soke al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta, ta ce wariya ce da sashe na 42 ya haramta. Wannan ya shafi al'adar da ta fitar da mace daga gado ɗungurungum. Rabon gadon Musulunci, wanda ya riga ya yanka wa mace kasonta, ba shi aka kawo gaban kotun ba.

Daga nan tambaya kan taso: to kotunan shari'ar Musulunci fa? A fiƙihu alƙali nassi yake bi, Alƙur'ani da hadisi da abin da malaman mazhaba suka tabbatar, a wajenmu littattafan Malikiyya irin su Risala da Mukhtasar da Tuhfa. Hukuncin wani alƙali na jiya ba nassi ba ne. Malaman gado na kawo labarin Sayyidina Umar a mas'alar da ake kira Mushtaraka: da farko ya hana shaƙiƙan mamaciya gado ya bar sulusi ga 'yan uwanta na uwa ɗaya, daga baya da irin mas'alar ta dawo sai ya haɗa su a cikin sulusin. Da aka tuna masa hukuncin farko, ya nuna cewa wancan ya tafi a kan yadda aka yanke shi, wannan kuma a kan abin da aka gani yanzu. Sai dai a Najeriya ƙarar aure ko gado da ta fara a Daura tana iya wucewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina, ta hau Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, ta ƙare a Kotun Ƙoli. Shi ya sa sashe na 288 ya ce a kula da naɗa masana shari'ar Musulunci a manyan kotunan biyu. Yadda za a daidaita bin nassi da bin hukuncin kotun sama magana ce da masana ba su gama ba.

Hukuncin da ya kafa tarihi yana iya faɗuwa. Kotun Ƙoli na da ikon warware nata da kanta idan ta gamsu an yi kuskure, ko da yake ba kasafai take yi ba. Majalisa ma na iya canza dokar da aka fassara. A Oktoban 2007 kotun ta ce Rotimi Amaechi ne gwamnan Ribas duk da bai yi takara a ranar zaɓe ba, bisa hujjar cewa shi ya ci zaɓen fidda gwani kuma jam'iyya ake zaɓa. Dokar zaɓe ta 2010 sai ta zo da sashe na 141, wanda ya hana kotu ayyana wanda bai shiga dukkan matakan zaɓe ba a matsayin wanda ya ci. Sojoji kuwa ba su tsaya dogon zance ba: da kotu ta taka musu burki a shari'ar Lakanmi a 1970, dokar soja suka fitar a shekarar suka shafe hukuncin.

Hanyar da ta fi yawa a yau ba ta buƙatar sabuwar doka, jan ƙafa ne kawai. Kotu ba ta da 'yan sanda nata, ba ta riƙe da baitulmali. Hukuncin Ekiti na 2016 bai hana wasu gwamnoni ci gaba da naɗa kantomomi ba, shi ya sa aka koma kotu a 2021 aka sake komawa a 2024. Na 2024 ya sa jihohi da dama gaggauta gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi, amma watanni da yawa bayansa ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE na ta kokawa cewa kuɗin ba su fara zuwa kai tsaye ba. Kansila a Zango ko Ɗanja da ke son sanin ko hukuncin ya iso mazaɓarsa, sai ya tambayi ma'ajin ƙaramar hukuma ta wane asusu kason wannan watan ya shigo, da kuma wanda ya sa hannu aka fitar da shi.